Tuban Muzuru da Gidan Bashi

Duk wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Sabha ya tarar da wata kalmar Hausa da ta riga shi isa can: gidan bashi. Matafiyi zai kwana uku ko huɗu a bayan Hilux, ƙafafunsa suna reto a waje, ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada gyangyaɗi ya jefar da shi cikin rairayi. Ya wuce Dirku, ya wuce Madama, ya wuce Gatrun. Yana sauka a Sabha, babban birnin yankin Fezzan na kudancin Libiya, sai direba ya ce dillalin da ya haɗa tafiyar bai ba shi ko sisi ba, don haka fasinja ne jingina. Daga nan sai gidan bashi. Ta waje gida ne irin na kowa, da katanga da ƙofar ƙarfe. A ciki ana miƙa wa mutum waya a ce ya kira gida, uwarsa na ɗagawa a fara tsula masa tiyon ruwa, don ta ji kukan ɗanta da kunnenta, ta tashi ta sa gona a kasuwa. A watan Afrilun 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, ta fitar da shaidar wani ɗan Senegal da aka yi wa haka. An sayar da shi a wani filin ajiye motoci a Sabha, aka kulle shi a gida ɗaya da mutum fiye da 100, aka yanka masa sefa 300,000, da aka sake sayar da shi ga wani gidan sai kuɗin ya koma 600,000.

Duniya ta yi ta salati da wannan labari, balle da CNN ta nuna bidiyon gwanjon mutane a watan Nuwamban shekarar. Amma akwai wani ɗan bayani a cikin shaidar da aka yi saurin tsallakewa. Masu saye Libiyawa ne, masu taya su aikin kuwa 'yan Ghana ne da 'yan Najeriya. Shi kansa mai ba da shaidar, don ya huta da duka, ya yarda ya zama tafintan waɗanda suka tsare shi. Wata biyu bayan fitowar shaidar 'yan sandan Italiya suka kama wani ɗan Najeriya a wani sansanin baƙin haure, wanda waɗanda suka tsira suka nuna da yatsa cewa shi ne mai gana musu azaba a wani gida a Sabha. Ashe sau da yawa mai riƙe da tiyon ɗan gida ne, mai jin yarenka, wataƙila ma mota ɗaya ta kawo ku. Ba wanda ya binciki addinin waɗannan mutane, kuma wannan sana'a ba ta ware Musulmi ba ta ware Kirista. Sai dai kowa ya san cewa kaso mai tsoka na 'yan Najeriyar da ke bin wannan hanya zuwa Italiya daga Edo da Delta suke fitowa, inda majami'u suke cika su batse kowace Lahadi. Don haka ina rubutu ne a matsayin Kirista ga 'yan'uwana Kirista, Musulmi kuma ya saurara, domin zai ji abin da ya sani.

Matsalar ta faro ne daga yadda muke amfani da kalmar kanta. A bakin Kiristan Arewa, idan aka ce wane ya tuba, yawanci ana nufin ya karɓi bangaskiya: an yi wa'azi, ya ɗaga hannu, ya fito gaba, an rubuta sunansa a ajin baftisma, ya zama tubabbe. Tuba ya zama kamar ƙofar gari, sau ɗaya ake shiga a bar ta a baya. Abin da ya rage na yau da gobe sai 'yar addu'ar furta zunubi da ake yi baki ɗaya ranar Lahadi, wadda ba ta ambaton sunan kowa, ba ta ambaton ko kwabo. Martin Luther, wanda yawancin ikkilisiyoyinmu suke tinƙaho da gadonsa, da wannan batun ya buɗe hujjojinsa 95 a shekarar 1517, inda ya kafe cewa kiran da Yesu ya yi na a tuba ya shafi rayuwar mai bi ɗungurungum. Idan haka ne, dole tuba ya kasance yana da aikin da ido zai gani ranar Talata a kasuwa. A ganina sunan wannan aikin mayar da haƙƙi. Duk tuban da ya tsaya a hawaye da waƙa, bai taɓa aljihun mai laifi ba, bai kai shi ƙofar wanda ya zalunta ba, Bahaushe ya riga ya raɗa masa suna: tuban muzuru, ana cewa an tuba kaza na baki. Na ɗauko Sabha ne domin a can abin ya fito fili babu labule.

Littafi Mai Tsarki bai bar wannan a duhu ba. A addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, yadda Matiyu ya rubuta ta da Helenanci, kalmar da aka kira laifi da ita ita ce bashi. A sura 18 kuma akwai misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin da ba zai iya biya ba ko zai shekara dubu, yana fita ya ci karo da ɗan'uwansa bawa da yake bi dinari 100 kacal, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi sai ya biya. Wanda ya san Sabha ba ya bukatar mai fassara, gidan bashi ke nan har da shaƙar wuyan. Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, maganar kuɗi ya yi musu: ya hana na farkon karɓar fiye da ƙa'ida, ya hana na biyun ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, a tsaye a gaban mutane ya yi alkawarin rabin dukiyarsa ga matalauta da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Shari'ar Musa ma lissafi take yi. A Littafin Ƙidaya sura 5, mai laifi zai furta, ya biya cikakke, ya ɗora kashi ɗaya bisa biyar a kai. Satar mutum don a sayar kuwa, a Fitowa sura 21, hukuncinta kisa ne. Maƙwabcinmu Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, domin ɗan Islamiyya ma ya san cewa cikin sharuɗɗan tuba akwai mayar wa mutane haƙƙinsu, kuma haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Abin da ke ɗaure kai shi ne yadda gari ɗaya zai ƙunshi addinai biyu da suka yi ittifaƙi a kan wannan, amma cin amana ya zama ruwan dare.

Arewacin Afirka ta taɓa ganin irin Sabha, kuma ikkilisiyarta ta bar mana rubutu. A shekarun 1970 wani masani daga Austiriya, Johannes Divjak, ya gano wasu wasiƙun Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, waɗanda suka yi shekaru aru-aru ba a san da su ba. Ɗaya daga cikinsu, wadda ya rubuta wa abokinsa Alifiyus a shekarun 420, kuka ce a kan fataken bayi da suke kwasar 'ya'yan mutane a ƙauyuka suna lodawa a jiragen ruwa. Abin da ya fi ci masa rai hannun 'yan gida ne a ciki. Ya ba da labarin wata mata 'yar Hippo da take yaudarar matan ƙauye da sunan za ta sayi itace a wurinsu, ta kulle su ta sayar, da na wani manomi mai noma gonar ikkilisiya da ya sayar da matarsa, uwar 'ya'yansa. Tun wancan zamani da ɗan gari akan ci gari. Agustin ba ya ma gari mabiyansa suka dira a kan wani jirgin fataken da wurin da aka tsare mutanen, suka kuɓutar da kusan mutum 120. Agustin ɗin nan, wanda babu malamin da ya kai shi nanata cewa ceto alherin Allah ne tsantsa, shi ne kuma ya rubuta wa wani babban jami'in Rumawa mai suna Makedoniyus cewa wanda yake da halin mayar da abin da ya ƙwace ya ƙi, kwaikwayon tuba yake yi. Tun kafin shi Sifiriyan, bishop na Kartaj, ya tara sestarti 100,000 daga hannun mabiyansa ya aika a fanso Kiristocin da aka kama a Numidiya.

Mu Hausawa kuma hanyar Fezzan ba baƙuwarmu ba ce. A da ta nan ayarin bayi daga Kano da Damagaram da Borno suke ratsawa zuwa Murzuk da Tarabulus. Dorugu, yaron da aka kama a ƙasar Damagaram aka sayar, Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi, ya ƙetare wannan hamada tare da Heinrich Barth a 1855 har Ingila, inda ya zama bakin da J. F. Schön ya riƙa jin Hausa daga gare shi yana rubuta nahawu da fassarar Linjila. Dokta Walter Miller ma a Tarabulus ya fara koyon Hausa a 1899, a tsakanin Hausawan da wannan hanya ta kai can, kafin ya zo Zariya ya jagoranci aikin da ya haifi cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Kalmomin da Kiristan Wusasa ko na Maradi yake addu'a da su yau, wani sashensu daga bakin yaron da aka yi ciniki a kansa suka fito. Ko wannan kaɗai ya isa ya hana mu kawar da kai.

Igiyar da ta ɗaure yarinya a Sabha a gida aka fara tufka ta. Tsarin sananne ne. Wata mai hali da ake kira madam ta ɗauki nauyin tafiya, a kai yarinya wurin boka ta yi rantsuwa da gashinta da farcenta cewa ba za ta gudu ba, ba za ta tona ba, sai ta biya bashin da kan kai Yuro 30,000 ko fiye. Kuɗin da ya fito daga jikinta ya dawo gida ya zama bene, ya zama mota, wani kason kuma ya shiga ambulan ranar Lahadin godiya. A ranar 9 ga Maris 2018 Oba na Benin, Ewuare II, ya tara bokaye a fadarsa ya warware waɗannan rantsuwoyi, ya tsine wa masu safarar. Basarake ya yi da rana tsaka abin da mumbari da yawa suka yi shekaru suna kewayewa. Adalci ya sa in ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, domin sistocin Katolika sun kafa kwamitin kare mutuncin mata a Benin tun 1999, suna karɓar waɗanda suka dawo. Kada kuma ɗan Arewa ya ce wannan na mutanen Kudu ne, domin hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, ta sha tare 'yan mata a Kano da Katsina da Jigawa a kan hanyarsu ta zuwa Libiya, kuma ba a tsallaka iyaka sai da ɗan kamasho mai jin Hausa. Amma a dubi yadda horon ikkilisiya yake aiki a wurare da yawa. Yarinya ta dawo da goyo a baya, ba uba, sai dattawa su zauna, a sa ta a horo, ta koma bencin baya, a hana ta Jibin Ubangiji na wasu watanni. Wadda ta haɗa tafiyar tana sahun gaba da ɗaurin kallabi mai tsada, ita ce ma babbar baƙuwa ranar gidauniyar ginin sabuwar majami'a. Horonmu yana da ido a kan ciki da kwalbar giya, amma in aka zo kan kuɗi sai ya makance.

Na san abin da malamin tauhidi zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce ina neman mayar da mu kasuwar da Luther ya tarwatsa, alhali gafara kyauta ce, kuma ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai mayar da ko allura ba aka yi masa alkawarin Firdausi. Gaskiya ne. Duk wanda ya koyar cewa ninki huɗu ne ya saya wa Zakka ceto ya juya labarin, domin Yesu ne ya fara gayyatar kansa gidan tun mutumin bai buɗe baki ba. Amma ɓarawon nan hannuwansa a kafe suke. Harshe kaɗai ya rage masa, ya kuwa yi amfani da shi ya amsa laifinsa a bainar jama'a. Mai hannu a sake, mai asusu a banki, ba shi da damar fakewa da shi. Mayar da haƙƙi ba ya sayen gafara, yana nuna cewa ta sauka, yadda tsiro yake nuna an yi ruwa. Tarihin John Newton ya isa gargaɗi ga mai ganin sanyin zuciya ya wadatar. Shi kansa ya sha wulaƙanci irin na bawa a gaɓar Saliyo. A 1748 guguwa ta kusa nutsar da jirgin da yake ciki, ya yi kuka ga Allah, ya kuma riƙa lissafa wannan ranar a matsayin farkon juyowarsa. Bayan haka ne fa ya zama kyaftin ɗin jirgin bayi, yana karatun Littafi a ɗakinsa na sama, mutane a ɗaure da sarƙa a ƙasa. Rashin lafiya ce ta raba shi da sana'ar a 1754, kuma sai a 1788 ya wallafa ƙasidar da ya tona abin da ya aikata cikin nadama. Shekara 40 ke nan tsakanin hawaye da faɗin gaskiya, kuma waɗanda ya kai kasuwa a tsakanin ba su ƙaru da hawayensa da komai ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ciwo. Kiristocin da ke Sabha baƙi ne, da yawansu ba takardu, masu aikin gini da wankin mota da shara, waɗanda suke ibada a ɗakunan haya da murya ƙasa-ƙasa. A watan Afrilun 2015 'yan ISIS suka saki bidiyon kisan Kiristocin Habasha kusan 30, wasunsu a hamadar Fezzan aka harbe su. Wane irin rashin imani ne a je wa mutanen da ke cikin wannan hali da wa'azin bashi? Tafintan nan ɗan Senegal fa, ko yaron da aka ce masa ko ya daki ɗan'uwansa ko a dake shi har lahira? Ikkilisiyar Kartaj ta sha wannan tambayar da zafinta. A shekarar 250 Sarki Desiyus ya tilasta wa kowa yin hadaya ga gumakan Rum, a ba shi takardar shaida. Wasu Kiristoci suka yi tururuwa tun ba a taɓa su ba, wasu suka ba da cin hanci suka sayi takardar, wasu kuma sai da aka azabtar da su suka karaya. Da ƙura ta lafa sai aka rabu biyu: masu cewa a buɗe ƙofa kowa ya dawo kamar ba a yi komai ba, da masu bin Nobatiyan a Rum da suka ce wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. Taron bishop-bishop da Sifiriyan ya jagoranta a 251 ya ƙi duka biyun, ya ce a duba kowane mutum da halin da ya faɗi a ciki, a auna masa gwargwadon laifinsa. Wannan ma'aunin har yau yana aiki. Wanda ya riƙe tiyo da bindiga a ƙeyarsa daban ne da wanda ya gama biyan bashinsa, aka buɗe masa ƙofa, ya zaɓi zama don kamashon da yake samu a kan kowane sabon kai. Na farkon magani yake bukata da kunnen da zai saurare shi. Amma ko shi, wanda ya ce masa ba komai, manta kawai, bai taimake shi ba, ya dai bar shi shi kaɗai da fuskar da yake gani duk dare. Ikon cewa na aikata, ga abin da na aikata, mutunci ne, kuma shi ne abu na farko da gidan bashi yake ƙwace wa mutum.

Sai mai cewa abin da rairayi ya binne ba ya dawowa, kuma wanda ya buɗe baki zai iya rasa ransa ko ya ƙare a kurkuku. Littafin Ƙidaya ya hango rabin wannan: idan wanda aka cuta ba ya nan kuma ba shi da dangi, biyan ba ya faɗuwa, sai a kai shi wurin firist. Ko ta yaya dai kuɗin ba zai kwana a hannun mai laifi ba. Kuma abubuwan da za a iya mayarwa sun fi yadda ake zato yawa. Ana iya fanso gonar da uwa ta sayar. Ana iya ɗaga waya a ce wa yarinya daga yau ba na bin ki ko kwabo, a mayar mata da fasfonta. Akwai kuma haƙƙin da ba na kuɗi ba. Uwaye nawa ne suke zaune shekara bakwai, shekara takwas, ba su yi makoki ba, ba su daina zabura ba duk lokacin da baƙuwar lamba ta kira? Wanda ya ga inda ɗansu ya faɗi tsakanin Dirku da Tummo yana riƙe da kayansu. Ba wanda yake cewa baƙo ya tsaya a titin Gurda a Sabha yana kiran sunayen 'yan bindiga, wannan ganganci ne. Amma dubban mutane sun dawo Legas da Kano a jiragen IOM tun 2017, kuma tsoron da ya rufe baki a Sabha ba shi ne yake rufe shi a gida ba, kunya ce da son abin hannu. Idan faɗin gaskiya zai kai mutum gaban alƙali, magana ce mai ɗaci, amma tuban da aka gindaya masa sharaɗin kada in yi asarar komai ciniki ne.

Wani kuma zai ce na bar jaki ina dukan taiki. Ina 'yan bindigar da suke da gidajen, ina Italiya da ta sa hannu a yarjejeniya da Tarabulus a watan Fabrairun 2017 don a riƙa tare mutane a teku ana mayar da su, ina gwamnatocinmu da suka sa matashi ya gwammace hamada da zaman gida? Duk suna da kasonsu, kuma ya fi na kowa girma. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaƙaba wa mutum shida takunkumi a watan Yunin 2018, Nijar ta kafa dokar hana safara a 2015 ta kuma soke ta a Nuwamban 2023, motoci dai ba su daina tashi daga Agadas ba. A ci gaba da matsa musu. Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma tuba na cikin abubuwan da ba a yi wa mutum a madadinsa.

Mai karatu a Sabon Garin Kano ko Tudun Wadar Kaduna yana iya cewa shi bai taɓa sayar da kowa ba. Allah ya sa haka. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gidan bashi yana da 'yan ƙanne a unguwanninmu. Akwai 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta, shekara uku ke nan tana wanke-wanke, albashinta yana hannun uwargida wai ana tara mata. Akwai mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, akwai kuɗin adashin zumuntar mata da aka ci aka ce ɓarayi ne, akwai leburan da aka ce ya dawo gobe har goben ta zama wata. Akwai ɗan ci-ranin da ya jingina da motar wani ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, ya san sarai ƙanensa zai gani ya sayar da babur ya biyo shi, ya kuwa yi shiru a kan kwana 90 da ya yi a kulle. Wasiƙar Yakubu ta ce ladan ma'aikaci da aka danne yana kuka har sama. Tuban yau da kullum shi ne mutum ya zauna da dare ya yi lissafi da sunaye da adadi, gari na wayewa ya tafi da ƙafarsa. An taɓa yin haka, kuma a Afirka. A farkawar da ta taso daga Gahini ta Ruwanda a shekarun 1930, an san tubabbu da dawo da kayan da suka sata ga masu su. A Najeriya ikkilisiyar Deeper Life ta W. F. Kumuyi ta yi suna da wannan koyarwa, har ana yi wa mabiyanta ba'a da ita. Ana iya saɓa musu a wasu abubuwa, amma a wannan gaɓar masu ba'ar ne ya kamata su ji kunya.

Yesu ya umarci wanda ya kawo baiko, ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon a nan ya je ya shirya da shi tukuna. Wannan umarni ya hau kan mai karɓa kamar yadda ya hau kan mai bayarwa. Ya ku fastoci da dattawan ikkilisiya, Lahadin godiya tana tafe, kuma kun san gidajen da kuɗinsu ya biyo ta Sabha, domin a unguwa ɗaya kuke. In ambulan ta zo daga irin wannan hannu, ku mayar da ita cikin mutunci, ku zaunar da mai ita a ofis, ku tambaye ta sunan yarinyar, da nawa aka ce ta biya, da garin da uwarta take.